Hannun Daman Bahago

A babban ofishin kamfanin mai, babu laifin da ya kai mutum ya hau bene bai kama ƙarfen gefen matakala ba. Ka makara, ka yi barci a taro, ka sa hannu a kwangilar bututun da zai tsage tun fentinsa bai bushe ba, duk da sauƙi, ana iya zama a fahimci juna. Amma ka ɗora ƙafa a matakala hannunka na lilo, to ka jawo wa kanka. Kofin shayi sai da murfi. Mota sai an ajiye ta da baya, hancinta na kallon ƙofa, wai ko gobara za ta tashi. Kowane taro, ko na rabon kalanda ne, da nasihar kiyaye haɗari ake buɗe shi: wani ƙato ya miƙe cikin kwat ya ba da labarin yadda ya kusa zamewa a banɗaki, a tafa masa. Can filin haƙa kuwa, inda wutar gas ke ci ba dare ba rana, bututai na tsiyaya cikin gonakin mutane, wannan har yanzu ana nazari a kai.

Kowane ma'aikaci yana da ɗan jan kati a aljihu. Dokar kamfani ce, in ka ga abin haɗari ka ɗaga shi, komai ya tsaya cak, ko Shugaba ba shi da ikon cewa a ci gaba. Da wannan suke cika baki a duniya. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, wani matashin jami'in kiyaye haɗari mai wuya kamar na kwalba, wanda ya taɓa tsayar da mai shara saboda tsintsiyarta ta yi tsawo. Tun daga nan sunansa ya ɓata, sai Jan Kati.

Akwai kuma wata ma'aikaciya da ke aiki a ƙasan benen, a ɗakin tarihin kamfani, shi ya sa kowa ke ce mata Mai Tarihi. Ita ke zagayawa da baƙi tana nuna musu bango: ga rijiyar farko, ga matatar da aka gina bayanta, ga jiragen dakon mai, ga shekarar da aka shiga harkar gas, ga lokacin da aka canja tambari daga baƙin ɗigo zuwa koren ganye, duk da ba a taɓa jin kamfanin ya shuka ko ciyawa ba. Ta haddace bayanin har tana iya yinsa tana tunanin cefane. Wuri ɗaya ne kawai muryarta ke sarƙewa, gaban babban hoton rijiyar farko.

A hoton, manyan kamfani sun jeru cikin fararen huluna, an rubuta sunan kowanne da muƙaminsa a ƙasa. A tsakiya ga wani saurayi ba riga, ya kama sitiyarin famfon rijiya da hannu biyu, jijiyoyi sun tashi, yana dariya. Shi abin da aka rubuta masa kalma biyu ce: wani lebura. Wannan leburan ubanta ne. Da hantsi aka ɗauki hoton, kafin rana ta faɗi sarƙar hasumiyar haƙa ta tsinke ta tafi da hannunsa na dama daga wuyan hannu. Ba haihuwarsa aka yi bahago ba, rijiyar ce ta raɗa masa sunan, ya bi shi har tsufa. Mai Tarihi ita ce autarsa, an haife ta bayan abin da daɗewa. Hannun daman ubanta ba ta taɓa ganinsa ba sai a bangon nan.

Da aka fara shirin bikin cikar kamfani shekara hamsin, sai ta ga ranar da take jira ta zo. Ta samu shugabar sashensu, wata mata mai murmushin da ba ya kaiwa ido, wadda tun da aka ɗora mata shirin ake kiranta Uwar Biki.

"Anti, mutumin da ke hoton nan yana raye. Babana ne."

Uwar Biki ta dafe ƙirji. "Kai! Yana tafiya? Yana magana daidai? To ai shi ke nan, mun samu abin da zai sa mutane hawaye. Shi zai hau ya juya sitiyarin da kansa."

Mai Tarihi ta zauna ta rubuta 'yan layuka na abin da ya faru ranar, a karanta kafin ya hau. Uwar Biki ta duba, ta ja musu layi. "Ranar murna ce, ƙanwata. Lauyoyi ba za su so kalmar sarƙa ba." Ran Mai Tarihi ya sosu, amma ta haɗiye. Ba komai, in ji ta a zuci, ku soke takarda. In ya hau can sama gaban jama'a da kyamarori, hannun rigar nan da ba komai a ciki zai yi magana da kansa, kuma dole a kira shi da bakin Shugaba. Abin da take so ke nan, a gan shi sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe masa ido.

A gida, tsohon ya yi kamar abin bai dame shi ba. "Su da suka manta da ni tun ina da haƙora, yanzu me za su yi da ni?" Amma washegari ta tarar ya sa an ɗinka masa sabuwar riga, ya kira wanzami, yana zaune a bakin gado yana juya hannun hagu cikin iska.

"Baba, me kake yi?"

"Tuni nake. Hagu ake murɗa shi in za a buɗe. Auta, da gaske zan hau?"

"Za ka hau, Baba. Na yi maka alkawari."

Ranar biki an cika zauren taro da manyan baƙi, da 'yan jarida, da matan daraktoci masu ƙamshin da ke hawa kai. Uwar Biki ta nuna bajinta: maimakon dandamali irin na kowa, ta sa an ƙera ƙaramar hasumiyar haƙa a tsakiyar zaure, aka ɗora sitiyarin rijiyar farko a samanta, an wanke shi an shafe shi da ruwan zinariya har ba ka ce ya taɓa ganin mai ba. Hanyar hawa ɗaya ce, wata siririyar matakalar ƙarfe mai tsayi, wai don ta yi kama da ta da. An yi taro a kan kalar labule, an yi taro a kan ruwan da za a sha. Babu wanda ya tambayi da me tsohon zai hau.

Aka buɗe da nasihar kiyaye haɗari, a kan illar tafiya ana duba waya. Shugaba ya hau yana riƙe da ƙarfe hannu bibbiyu kamar mai tsallake kogi, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda suka fara da rijiya ɗaya yau suke haskaka gidajen duniya, kuma a duk tsawon tafiyar nan ba abin da suka fifita kamar ran ma'aikaci. Aka tafa. Sannan ya ce akwai wani baƙo na musamman da zai gabatar in ya iso sama. Aka saki kiɗa, aka haska fitila a kan Bahago.

Tsohon ya miƙe, sandarsa a hannun hagu, an maƙala masa abin magana a wuyan riga. Mai Tarihi na biye da shi. Ya isa gindin matakala, ya ɗora sanda, ya ɗora ƙafa.

Sai ga jan kati a sama.

Kiɗa ya mutu. Jan Kati ya sha gabansa, ya ƙame, yana nuna katin cike da daɗi.

"Baba, ku yi haƙuri. Ba a hawa sai hannu ɗaya na kan ƙarfe."

"Sanda ce a hannuna, ɗana."

"To ku ajiye sandar."

"In na ajiye ta, gwiwa ba za ta kai ni ba."

Mai Tarihi ta matso. "Zan riƙe shi mu hau tare."

"Anti, ke ma kin san doka. Mutum ɗaya a matakala irin wannan."

"To a ɗauke shi a kujera."

"Ɗaga kaya mai nauyi a bene? Wannan sai an yi nazarin haɗari tukun." Ya juya ga tsohon, da muryar nan ta mai koya wa yara karatu. "Abin ba wuya, Baba. Sanda a hagu, ƙarfe a dama. Ku kama da ɗaya hannun."

Bahago ya dube shi, ya dubi hannun rigarsa da aka naɗe aka soke da fil. Bai ɗaga murya ba, amma abin maganar na kunne, lasifika ta kai ta kowane lungu na zauren.

"Da na kama, ɗana. Hannun yana wajenku. Tun ranar da kuka ɗauki hoton can ban sake ganinsa ba."

Wata mata ta ajiye kofinta a hankali. Mai Tarihi ta ɗaga kai ta kafe Shugaba da ido. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Ya sauko mana, ya kama hannun tsohon, ya faɗi ko wane ne shi a nan ƙasa, wa zai hana shi? Ta ga ya ɗan yi jim, har ta fara sa rai.

Sai ya washe baki ya fara tafi.

"Jama'a, kun gani da idonku! Wannan shi ne kamfaninmu. Ko a ranar bikinmu, ko a gaban baƙinmu, ƙaramin ma'aikaci ya ɗaga kati, ni kaina ban isa in ce uffan ba. A tafa wa wannan matashi!"

Wayyo, ka ga yadda mutane suka samu mafita. Tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, har da masu miƙewa tsaye. Jan Kati ya rusuna, baki har kunne. Uwar Biki ta yi wa masu kiɗa alama, fitila ta bar kan tsohon ta koma sama, Shugaba ya zura sabuwar safar hannu ya murɗa sitiyarin zinariya, takardu masu ƙyalli suka zubo daga rufi. Ba a kira Bahago ba, ba a ce ga wanda yake ba. Wata yarinya mai tarbar baƙi ta zo ta cire masa abin magana, ta miƙa masa jakar kyauta mai hula da kofi da murfinsa.

A bakin ƙofa, inda 'yan matakalai suke gangarawa wajen motoci, ya tsaya yana haki. Mai Tarihi ta kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ka yafe mini. Ni na kawo ka."

"Ke kika tsinka sarƙar?" Ya miƙo mata dungulmin. "Kama ni ta nan, Auta. Mu je gida, rigar nan ta matse ni."

Bai ƙara tayar da zancen ba. Rigar ma ya bayar da ita.

Bayan biki aka ba Jan Kati lambar gwarzon ma'aikaci, aka ƙara masa girma. Uwar Biki ta samu wasiƙar yabo. Sashenta kuma ya ce darasin ranar ya fi ƙarfin a bar shi ya wuce haka nan, sai aka buga sabuwar fasta aka liƙa a kowane hawa na benen.

Wata safiya Mai Tarihi ta shigo za ta hau benen, ta ga fastar, ta yi turus. Daga hoton rijiyar farko aka yanko. An cire manyan masu fararen huluna, an cire fuskar saurayin da dariyarsa, an bar hannaye biyu kawai, manya-manya, sun damƙi ƙarfe. A ƙasa an rubuta da jajayen haruffa: KAMA DA KYAU, IYALINKA NA JIRANKA.

Ta daɗe tana kallon na daman. Yatsu biyar cif, da ɗan tabo a babban yatsa wanda ba ta taɓa lura da shi ba sai yau da aka ƙara masa girma. Hannun da bai taɓa ɗaukarta ba, ga shi nan har yanzu yana yi wa kamfani aiki.

"Anti," in ji wata murya a bayanta. Jan Kati ne, da sabuwar lambarsa a ƙirji. "Kin ga fastar? Ni na ba da shawarar kalmomin. A kama ƙarfe dai."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja tsaki mai tsawo. Ta harɗe hannayenta biyu a baya, ta fara hawa. Tana jin ƙarar aljihunsa yana laluben katin, ba ta waiwaya ba.