Wadda Ta Shiga Raga

Muntasir ya kakkaɓe bencin gaba da hularsa, ya ce, "Bismillah, Baba."

Malam Abdulmumin ya tattara rigarsa ya zauna. Gidan kallon Barau ya yi tsit, samari sai ɓoye sigari suke. Tunda aka buɗe wurin nan a Batsari, malamin Islamiyyar bai taɓa ko leƙowa ba. Yau ma alkawari ne ya kawo shi: in ya ga da idonsa tsaron ragar nan da Muntasir ke yi sana'a ce, zai bar shi ya tafi gwajin ƙwallo Katsina. In ba haka ba, sai gona.

Makon jiya ne 'yan wata tashar talabijin suka zo suka ɗauki wasan Batsari da Safana. Safana ta ci ɗaya, amma ba don Muntasir ba da Batsari ta sha mugun kashi. Har fenariti ya kaɗe ranar.

Barau ya ja janareta yana mitar tsadar fetur. Shirin wasanni ya fara. Dambe, tallar taki, kokawa, tallar takin dai kuma. Malam na ta jan carbi.

"Ga mu nan!" wani ya yi ihu.

Ga fili, ga Muntasir a raga. Ɗan Safana ya buga wata lagwaniyar ƙwallo, ta silale ta tsakanin ƙafafunsa ta shige. Aka maimaita a hankali. Aka ƙara maimaitawa. Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu kuma sai Dutsin-ma."

Shi ke nan fa!

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka make shi. Kunya ta lulluɓe Muntasir. Wai shi ya jawo tsohonsa cikin 'yan kallo don ya ga wannan.

"Barau, sauran fa?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ai haka suke yi. Rabin awa ce ake raba wa jiha guda. Wadda ta shiga raga kawai suke nunawa."

"Wadda aka tare fa?"

"Yanke ta suke."

Malam ya miƙe ya fita. Muntasir ya bi shi, kai a sunkuye.

"Baba, a bar maganar Katsinar nan. Gobe zan tafi gona."

Malam bai juyo ba. "Yaushe za ku sake bugawa?"

"Asabar."

"To, ka ce wa Barau ya kai mini bencin nan fili. A ajiye shi bayan ragarka."