Bugu Biyu a Kan Ƙarfe

Kan jirgin ƙasan da ke jan rake zuwa injin sukari a wata gona ta lardin Natal ɗan mitsitsi ne, da sarƙa yake juya ƙafafunsa kamar keke. Ƙarfi kam akwai, sauri babu. Tsohuwa da itace a ka tana wuce shi. Aikin Mzwakhe shi ne shiga tsakanin taragu ya saƙala ƙugiya, kuma aikin ne ya ba shi ɗaki a barikin kamfani, shi da matarsa da jikoki. Ranar da mutum ya bar aiki, ranar yake barin ɗaki.

To, usur da rugugin inji sun cinye masa kunne. Ba wanda ya sani sai direba, Govindsamy, kuma shi ya kawo dabara: kafin ya motsa, sai ya doki ƙarfen jirgin sau biyu da guduma, bugun ya bi taragu, Mzwakhe ya ji shi a tafin hannu ya fice. Shekara da shekaru haka suke, suna raba gurasar roti da dafaffiyar masara a gindin jirgi.

Sai ƙanin matar Govindsamy ya dawo daga Durban ba aikin yi, ya tare musu a ɗaki, matar kuma ta hana mijin sakat, wai sai ya samo masa aiki.

Ranar da manaja ya zo duba layi, Govindsamy ya ajiye guduma, ya ja usur kamar yadda doka ta ce. Ya sake ja, dogo, har leburori suka toshe kunne. Mzwakhe na sunkuye, hannu a kan tarago, yana jiran bugu. Da jirgin kirki ne da ya niƙe shi. Wannan kuwa rarrafowa ya yi, ya tunkuɗe shi gefe cikin laka, aka kwashe da dariya.

Manaja ya tsaya a bayansa ya ƙwala masa kira. Bai waiwayo ba.

"Tun yaushe ya kurumce?" manaja ya tambayi direba.

"Ni ma yau na gani, ranka ya daɗe," in ji Govindsamy, yana goge hannu da tsumma.

Da yamma Mzwakhe ya biyo gefen layi da katifa a ka, iyalinsa na biye. Tuni ƙanin matar nan yana tsakanin taragu da ƙugiya a hannu. Kayan suka yi wa tsohon nauyi, ya dafa tarago ya huta.

Sai ga bugu biyu sun taso masa ta tafin hannu. Wannan ya fi masa korar ciwo. Govindsamy ne ke gargaɗin ƙanin matarsa, mai kunnuwa garau.