Kaset ɗin Alƙasim

Yunusa na durƙushe a bayan tele, wato talabijin, wayoyi sun cika masa hannu kamar igiyoyin ɗaure awaki, sai Inna Balki ta dire masa wani tsohon rediyo mai kaset a gefen ƙafa.

"Har wannan za ka haɗa," in ji ta.

Tun hantsi ya rufe shagonsa na gyara a kasuwar Keita yake fama da kayan nan. Ɗanta Abdulaziz ne ya aiko su daga Abijan: ampuli, wato akwatin da ke rarraba sauti, da dekodar, da na'urar faifai, da bafal, wato lasifika, har biyar. Dekodar ta shiga ramin farko, na'urar faifai ta shiga na biyu, waya guda ta tafi tele. Bafal biyu kuma ya kafe su a bango, bayan kujeru. Aiki dai ya yi kyau, ga kuma wannan tarkacen da ko kyauta ba zai karɓa ba.

"Inna, ai wannan ya girmi aurena. Me za ki ji a ciki?"

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kaset wanda takardarsa ta yi ja. Sai a lokacin ya lura gidan tsit yake, ko motsin akuya babu.

"Shekaranjiya aka kira waya. Mai gidan nan ya rasu a Abijan."

Yunusa ya yi mata gaisuwa. Kowa a Keita ya san labarin mijinta Alƙasim, wanda ya tafi ci-rani shekara goma sha tara da suka wuce bai sake waiwayo gida ba. A zamanin, kaset ne wasiƙar mutanen wannan yanki na Adar: miji ya yi magana ya aiko, mata ta saurara ta ɗauki amsarta ta mayar.

"Wannan shi ne na ƙarshe da ya aiko," ta ce. "Na ji farkonsa, na kai inda ya ce yana da magana, na kashe. Tsoro na ji, Yunusa. Yanzu liman ya ce in dai ya sake ni a ciki, to babu takaba a kaina. In bai sake ni ba, tun shekaranjiya ya kamata in shiga. Bafal ɗin rediyon ya mutu, shi ya sa na kira ka."

Ashe ba don tele aka kira shi ba. Ya lalubo waya mai kai biyu, ja da fari, ya cusa su a ramukan da suka rage a bayan ampuli, ɗaya bakin kuma a ramin abin saurare na rediyon. Inna Balki ta danna. Kaset ya fara juyawa da ɗan kuka.

"Salamu alaikum. Balki."

Muryar ba daga gabansu ta fito ba. Daga baya ta zo, daidai wuyan Inna Balki, kamar mutumin na tsaye a jikin bango. Yunusa da hannunsa ya kafe bafal ɗin nan, amma sai da ya waiwaya. Ita ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Alƙasim ya gaida liman, ya gaida maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, rabinsu yau suna ƙasa. Ya tambayi gero, ya tambayi ko an gyara shingen duwatsun gonar tudu. Ana jin numfashinsa a ɗakin. Sannan ya yi tari.

"To Balki, akwai maganar da zan faɗa miki. Ki yi haƙuri da ita."

Inna Balki ta miƙa hannu ta kashe.

"Bari in sha ruwa," ta ce.

Ta sha, ta daɗe riƙe da moɗar. Yunusa ya kai yatsa zai kunna, ya tarar maɓallan duk sun goge, babu rubutu babu launi.

"In ya tsaya, biyun nan ake dannawa tare. Haka yake tashi," in ji ta.

Ya danna biyun. Kaset na juyawa, amma shiru. Ya zargi wayarsa. Ya leƙa bayan ampuli, ya zare ja da fari ya mayar, ya zaga tele da dekodar da faifai ya dawo, gumi na ɗiga masa a ido.

"Ya kamata ya yi magana yanzu," ya ce.

"Bar shi ya huta," ta ce a hankali. "Shekara goma sha tara ina share masa ɗaki. Ko rana ɗaya ban kwana a matsayin bazawara ba."

Sai idon Yunusa ya faɗa kan wata 'yar jar fitila da ke ci a goshin rediyon. Fitilar ɗaukar murya ce. Ya kashe da sauri, ya mayar da kaset baya, ya kunna.

"Ki yi haƙuri da ita," in ji Alƙasim daga bango. Aka ji ƙas. Sai ƙarar wayoyi, sai muryar Yunusa kansa ta fito ta bayansa: "Ya kamata ya yi magana yanzu." Sai ta Inna Balki, tana zaune bakinta a rufe, tana cewa ko rana ɗaya ba ta kwana a matsayin bazawara ba. Aka sake jin ƙas.

"To shi ke nan maganar," in ji mamacin. "Ki gaida yara."

Zaren ya ƙare. Yunusa ya rasa inda zai sa kansa.

"Inna, na goge. Wallahi ban sani ba, na ɗauki muryarmu a kan tasa."

"Ba komi, ɗana. Kashe kayanka."

Yana naɗe ragowar wayoyi abin ya faɗo masa. Da wannan rediyon ta yi shekaru tana ɗaukar amsar da take aika wa mijinta. Babu yadda za a yi ta manta aikin maɓallan nan biyu.

Ya ɗaga kai. Inna Balki ta riga ta cire ɗan kunne ɗaya ta ajiye a kan ampuli, tana kwance na biyun.

"In ka fita ka biya wajen liman," ta ce. "Ka ce masa mun saurara har ƙarshe, ba mu ji saki ba."