Ɗinkin Mai Gam

Ɗakin da aka zaunar da shi da matarsa a tashar jiragen ruwa bai fi shagonsa girma ba. Kujerun roba huɗu, tebur ɗaya, fankar da ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Taga ɗaya ce, ita ma can sama, kuma ba a ganin komai ta cikinta sai farin bangon jirgin da jerin ƙananan tagoginsa. A bayan ɗaya daga cikin tagogin nan Autarsu take.

Mai Gam ake ce masa a unguwarsu, domin shekara arba'in da biyu ya yi yana ɗinke littattafan da suka yage, yana manna musu bango. Kundin ɗalibai, rajistar asibiti, tsohon littafin da aka gada daga kaka, duk wanda ya shiga hannunsa sai ya fito kamar jiya aka buga shi. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ka zage shi ya yi dariya, ka kushe ɗinkinsa ku yi shekara ba ya amsa gaisuwarka.

Shekara biyar ke nan Auta tana gyaran ɗakuna a wannan jirgi na masu yawon shaƙatawa. Ko hutu ta samu ba ta zuwa gida, don in ta dawo, sake samun bizar komawa sai an dace. Bana kamfanin ya ba ma'aikata damar gayyato iyayensu tafiyar kwana bakwai, kuma jirgin zai tsaya ɗaukar fasinja a tashar da ke wuni ɗaya a mota daga garinsu. Ita ba ta da halin saukowa. Fasfon ma'aikata a ofishin jirgi yake a kulle, kuma ranar shigar fasinja babu mai gyaran ɗakin da ake bari ya taka ƙasa. Su ne za su hau su same ta.

Tun wata biyu kafin tafiya ruwan sama ya jiƙa jakar matarsa, Uwar Auta, da fasfonta a ciki. Da ya bushe sai bango ya saki, shafin hoto ya koma lilo a jikin zare ɗaya.

"Malam, ka kai musu ofis su canja," ta ce.

Ya ce to. Ya kuwa fita da shi, da niyyar kaiwa. Amma da ya biya shago ya buɗe shi a ƙarƙashin fitila, sai takaici ya kama shi. Wai wannan ne ɗinkin gwamnati? Zare kamar na gizo-gizo, gam kuma kamar an shafa miyau. Ya warware shi tas, ya jera shafukan, ya goga wa zarensa kaki ya ɗinke, ya manna bango, ya danne a matsi kwana biyu. Da ya miƙa mata cewa kawai ya yi, "An gyara." Ta juya shi a hannu, ta dube shi, ta sa a jaka.

Yau a layin shiga, jami'ar shige da fice ta buga wa nasa hatimi ba ɓata lokaci. Da ta sa na matarsa a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, sai ta daina murmushi. Ashe zaren fasfo na ainihi ƙyalli yake yi a hasken nan. Nasa zaren kuwa, mai ƙarfin da ba ya tsinkewa, ya kwanta baƙi ƙirin a tsakiyar littafin. Garin gyaran gira an rasa ido.

Awa biyu suna zaune. Gumi na bin bayan Mai Gam har cikin wando. Ta bayan ƙofa suna jin ƙarar tayoyin akwatuna da dariyar mutanen da takardunsu ba su da matsala. Sau uku ya buɗe baki zai yi magana, sau uku ya haɗiye. Uwar Auta kuwa ta rungume ledar tsarabar Auta a cinya, idonta na kan tagar.

Daga ƙarshe wani babban jami'i ya shigo, mai furfura a gemu, jami'ar nan na biye da shi. Ya ja kujera ya zauna a gaban Uwar Auta.

"Mama, an warware fasfon nan an sake ɗinke shi. Ko an canja shafi, ko ba a canja ba, ya riga ya mutu, ba inda za ki da shi. Abin da nake so ki gaya mini, wa ya taɓa shi?"

Mai Gam ya dubi matarsa. Jira yake ta nuna shi da yatsa, kuma da ta yi, ba ta zalunce shi ba.

"Haka aka ba ni shi, ɗana," ta ce, ko gezau. "Ba wanda ya taɓa."

Matar da ko cinikin kasuwa ba ta iya ƙarin gishiri, yau ita ce ke zabga ƙarya a gaban hukuma. Nan ya gane tun ranar da ya miƙa mata ta sani. Wanda ya shekara arba'in yana share guntayen zare daga aljihun rigarka, ai ba ka ɓoye masa ɗinkinka.

Jami'in ya yi ajiyar zuciya. "To, za ki zauna ki rubuta bayani, sai a sallame ki, ki je ofis ki nemi sabo. Kai kuma Baba, naka lafiya lau. Ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa, saura minti ashirin. In za ka hau, yanzu ne."

"Ina zan je in bar ta?"

"Tashi ka tafi, Malam." Ta ɗora masa ledar a cinya. "Ni ba yarinya ba ce, na san hanyar tashar mota. Ka duba min ita da kyau, ko ta rame. A hoto ba a ganewa. Ka taɓa hannunta ka ji."

"Uwar Auta..."

"Ka tashi, na ce."

Ya miƙe. Kunya ta ishe shi, amma ya san gaskiyarta: gara ɗaya ya je da a ce babu kowa. Ya kai bakin ƙofa, har ya kama mariƙin. A bayansa jami'in ya ɗaga fasfon yana nuna wa jami'ar tsakiyarsa.

"Kin ga irin aikinsu ko? Wani ɗan koyo ne ya yi wannan kwamacalar. Ko ɗinkin ma bai iya ba."

Da Mai Gam ya yi kunnen uwar shegu, da yanzu wani labari nake ba ku. Amma hali zanen dutse.

"Ɗan koyo?" Ya saki ƙofar. "Ranka ya daɗe, ja shafin nan. Ja shi da ƙarfinka! In ya fita a yanke min hannu. Huda bakwai ne, tazararsu ɗaya, ka auna. Na ofishinku ruwan sama ɗaya ya kashe shi, wannan kuwa sai ya ga jikokinka!"

Jami'ar ta sunkuyar da kai. Jami'in ya daɗe yana kallonsa, kallon da ba fushi a ciki, sai tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

"Baba, kawo fasfonka," ya ce a hankali. "Koma ka zauna."

Suka fita da fasfo biyun, aka ja ƙofa. Ya zauna a kujerar da ya bari, ledar na hannunsa. Ya so ya ce don kada ta ɗauki laifinsa ne ya yi magana, amma shi kansa bai yarda da hakan ba, balle ita.

Ƙarfe huɗu ya wuce. Tayoyin akwatuna suka daina ƙara. Can jirgin ya busa ƙaho, wani dogon kuka da ya sa gilashin tagar rawa.

"Ba don kai na yi ƙaryar ba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "So nake ko hannu ɗaya daga gidanmu ya taɓa ta."

Hawaye suka zubo masa, ya bar su.

Sai wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro, ta ga mai kiran, ta ajiye masa a kan gwiwa.

"Kai za ka gaya mata."

Ya danna, ya kai kunne. Muryar Auta ta fito ƙasa-ƙasa, da haki, irin ta wanda ya saci minti ɗaya daga aiki.

"Inna? Baba, kai ne? Kun shigo? Ku hau hawa na shida, ɗaki na uku a hannun dama. Ni na gyara muku shi da kaina. Ina nan a bakin ƙofa."