Shekarar Da Na Yi Wa Baba Ido

Wata ɗaya aka ce zan yi a Dapango. Haka yayana Mumuni ya faɗa ranar da ya zo Sokode ya tarar da ni ina dafa sabulu. Ya ce yanar ido ta rufe wa Baba gani, ba ya ganin baƙin rubutu, kuma tun da karatu ya gagare shi abinci ma sai an yi da gaske. Mumuni mahauci ne a Mango, ya san saniya ciki da bai, amma in ka miƙa masa takarda a kife zai riƙe ta. Ƙaninmu Jibril kuwa lakwal ya yi, wato boko, Faransanci yake rubutawa a ofishin kumandan, Baturen mulki. Ni kaɗai Baba ya zaunar ya koya wa karatu tun ina ƙarama, don haushin 'ya'yansa maza, ga shi haushin a kaina ya ƙare.

Lokacin ba a daɗe da yaye yarinyar ba, 'yar farina. An kai ta ɗakin Salamata, yayar mijina Awal, don ta manta nono. Salamata ba ta taɓa haihuwa ba. Awal ya ce in bar ta can, hanya ba kyau, wata ɗaya kamar gobe ne. Ban ce a'a ba, don uwa ba ta da bakin magana a kan 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, in an yaba ta sai ta kau da kai. Haka aka tashe mu, kuma Baba ya fi kowa riƙo da wannan. Har ya tsufa bai taɓa cewa Mumuni ba, sai dai wancan na Mango. Jibril ya samo mini takardar wucewa, na hau kamiyo, babbar motar kaya, na zauna a kan buhunan goro. Matan gida suna tsaye a ƙofa, don haka ban waiwaya ba.

Littattafan Baba ba ɗinkakku ba ne. Warƙa-warƙa suke, kowane littafi a gafakarsa, ba lamba ba komai. A ƙasan kowace warƙa an rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, da haka ake gane jeri. Kafin in zo wani maƙwabci ya ce zai taimaka ya kakkaɓe su, ya gauraya na magani da na gado. Watan da aka yi mini alkawari a tsince-tsincen warƙa ya ƙare. Akwai wani alfa, wato malami, a zangonmu na Hausawa da zai iya karanta masa, amma sun yi shekaru ba sa ga maciji a kan wata gardamar ganin wata da ko su ba su tuna yadda ta faro ba.

"In mun sauke wannan sai ki tafi," in ji Baba.

Na gado ne, kuma na tsane shi. Wane ya mutu ya bar wance da wane, a raba. Daga sallar asuba zuwa hantsi, daga la'asar zuwa faɗuwar rana, ni da matattun da ban sani ba muna rabon raƙuma. Abin da ya fi ba ni haushi, Baba ya haddace shi kaf. Ko wasali na karkata sai ya buga tafin hannunsa a buzu. Na taɓa ce masa tunda yana kansa, ni mene ne amfanina. Ya ce abin da ke kai daban, abin da kunne ya ji daban, in ci gaba.

Da muka sauke na ce masa sabuluna yana jirana, masu saye za su koma wajen wata. Ya ce matan Moba, mutanen garin nan, su ma suna wanka, in dafa a nan in sayar. Muka ɗauko na taurari. Wannan ban so shi ba, ban ƙi shi ba. Ya koya mini sunayen abubuwan da nake gani a sama tun ina yarinya ban san suna da suna ba, da wanda in ya fito manomi yake gyara fartanya. Da muka sauke shi na ce mijina fa. Ashe Baba ya riga ni, ya aika wa Awal, Awal kuma ya aiko cewa ko shekara ce in zauna, albarka yake nema. Awal mutumin kirki ne, irin kirkin da wani lokaci ji kake kamar ka kwaɗa masa ludayi.

Dalilina na gaskiya guda ne, kuma shi ne ba ya faɗuwa. Kewar yarinyar nan ta hana ni sakat. Ina karatu bakina yana tafiya, zuciyata tana Sokode tana lissafin haƙoranta. In fataken goro suka sauka a zango sai in je da ruwa, in tambayi lafiyar Awal, da Salamata, da tsohuwar maƙwabciyarmu, har akuyar gida nakan tambaya, ko Allah zai sa wani ya zarce da kansa. Ran nan wata mai kai tukwane ta zarce.

"Yaro na Salamata ya yi wayo," in ji ta da Hausarta ta 'yan kasuwa. "Yana gudu ko'ina. Yaren Kotokoli kawai yana ji, Hausa babu."

Na ce madalla, na ɗauki ƙwaryata na koma gida. Na Salamata ta ce, kuma ba da mugunta ta faɗa ba, abin da garin yake cewa ke nan.

Daga ranar na fara tsallake. Muna kan na magani, mai kauri kamar matashin kai, sai in haɗa warƙa biyu ko uku in kife tare. Baba bai buga buzu ba. Na ce a raina tsufa ya fara aikinsa. Ranar da na kife ta ƙarshe har na fara ɗaure kayana, sai ya gyara zama ya ce to, yanzu mu koma mu gaida waɗanda muka wuce ba sallama. Ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, daga babin ciwon kunne har na harbin kunama. Kafin mu gama gaisuwar damina ta sauka, kogin Oti ya cika a Mango, kamiyo ya daina haurawa.

A daminar nan muka buɗe na jar gafaka, kuma shi ne littafin da na fi so a duniya. Kakanmu ne ya rubuta shi da Hausa, labarin fatauci daga Kano zuwa Salaga. Babu hukunci a ciki, babu wa'azi. Inda jakinsa ya karye, da garin da aka sayar musu da fura mai tsami ya yi kwana yana zagin matar a gefen warƙa, da madugun da ke tsoron kwaɗo. Baba yakan yi dariya har tari ya kama shi, ni ma haka. Kusan kowace warƙa da magana ɗaya take farawa, wai da gari ya waye muka tashi. Ban san sau nawa na karanta wannan ba ina zaune a tabarma ɗaya, ruwa yana zuba daga indararo.

Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nakan manta da komai. In hantsi ya yi Baba ya ce a tsaya, ni ce mai cewa bari mu ƙara warƙa ɗaya. Tun da na yi aure ba wanda ya tambaye ni me na fahimta da wani abu, shi kuwa kullum sai ya tambaya, har mu yi musu. Sai na fito tsakar gida na ga 'ya'yan maƙwabta abin yake dawo mini, in ji haushin kaina, in huce a kan tukunya.

Ruwa ya janye, aka yi girbi, muka sauke wasu ƙanana, na addu'o'i da na sunayen itatuwa. Da watan da na zo a cikinsa ya sake kamawa Baba ya ce gafaka ta ƙare, za a yi sadaka. Mumuni ya zo da cinyar sa. Kamiyon Sokode ya sauke Awal da Salamata, da yarinyar a bayanta. Na ce shi ke nan, ɗaukata suka zo yi.

Ta yi tsawo. An yi mata kitso irin na Kotokoli, an sa mata jigida. Salamata ta sauke ta ta ce ta gaida baƙuwa, sai ta gyara ta ce ta gaida Rahina, wato ni. Yarinyar ta dube ni ta ɓuya a zanen Salamata tana cewa Mma. Tsakar gida cike da mata, na kau da kai na tambayi Salamata ya hanya.

Bayan an ci an sha Baba ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ga Mumuni, ga Awal, ga dattawan zango, har alfan nan da ba sa shiri ya zo cin nama.

"Ku shaida," in ji Baba. "Littattafan nan duka na ba Rahina, kyauta, da raina da hankalina. Ba sa cikin gado. Abu ɗaya ne, ba za su fita ɗakin nan ba sai an fitar da ni. In Allah ya kai mu jibi za mu sake daga farko, wannan karon da sharhi."

Zaure ya ɗauki kabbara da sa albarka. Wani ya ce bai taɓa jin an yi wa 'ya mace haka ba. Mumuni har da hawaye, don an sauke masa abin da ya rasa yadda zai yi da shi. Ni kuwa na ji daɗi, Allah ya sani na ji, kuma a lokaci guda na ji kamar an tura ƙyaure an sa sakata.

Sai Awal ya matso ya ajiye ƙwaryar goro a gaban Baba. Ya ce yayarsa ce ta roƙa. Yarinyar ta saba da ita, ba ta cin abinci sai a hannunta, tana so a bar mata riƙonta har aure. Shi ya amince, amma ya ce ba zai yanke ba sai Baba ya sa baki. Salamata tana bayana a soro, ina jin numfashinta. Ba muguwa ba ce, ta yi jinyar ƙyandar yarinyar ita kaɗai, na sani.

Baba ya laluba goron, ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa.

"Rahina, kin ji. Me kika ce?"

Dattawa suka yi murmushi, don kowa ya san ba a tambayar uwar fari, kuma kowa ya san amsar. Na buɗe baki. Ido ya fi ashirin a kaina, ga mijina, ga yayana.

"Ai taku ce, Baba," na ce.

Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Washegari da hantsi kamiyon ya tashi. Na raka su bakin kasuwa da ƙullin sabulu da dakakken yaji. Salamata ta riƙe hannuna ta ce da Hausarta ta Sokode kada in damu, yaro yana hannu mai kyau. Yarinyar tana cinyarta tana cin ƙosai, ba ta dube ni ba, ni ma ban yarda an ga ina dubanta ba.

Ban jira jibi ba. Da la'asar na shiga ɗakin na ɗauko na jar gafaka, don hannuna ya sami abin yi. Ban kai rabin warƙa ba Baba ya ɗaga hannu.

"Muryarki ta dushe. Mura ce?"

Na sauke warƙar a cinyata. Ba kowa a ɗakin sai mu biyu, kuma makaho ne, ba zai ga fuskata ba.

"Baba, Zenabu 'yata ce," na ce. Ranar na fara jin sunan a bakina. "Ita nake so in koma wa. Tun ranar da na zo."

Baba ya sunkuyar da kai. Hannunsa yana kan buzu, bai motsa ba.

"Kin ce sabulu," ya ce a hankali. "Kin ce miji. Shekara guda ina sauraronki safe da yamma, ko tari kika yi na san irinsa. Ban ji kin ambace ta ba ko sau ɗaya. Jiya ma don haka na tambaye ki a gaban mutane, ko da akwai abin da ban ji ba."

"Kai ka koya mini kada in ambata."

"Ni ne," ya ce.

Ya miƙo hannu yana lalube, na ɗauka warƙar yake nema na miƙa masa. Ya ture ta ya kama yatsuna. An riga an ci goro, an yi fatiha gaban shaidu, shi da ni duk mun san ba a kwance wannan. Muka zauna haka har aka kira magariba, sannan na tashi na kawo masa buta.