Direban Batirin Ko-ta-kwana

Shekara talatin da huɗu tsohon direban ya yi yana jan jirgin ƙasa, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa rubuta masa cewa ya bar fasinja a daji ba. Da ya ajiye aiki, sai ya koma jan mutanen gida: ya yanka lokacin karin kumallo, ya yanka na shara, har ya fara tsayawa a ƙofar banɗaki da agogon aljihu a hannu. Babbar 'yarsa ce ta ceci gidan. Ta sayo masa kwamfuta mai wasan tuƙin jirgi, da allo biyu, babba na kallon layin dogo, ƙarami na kallon fasinjoji, da sifika, da wani akwati mai sandar gudu da sandar birki. Aka kwashe tsofaffin katifu daga ɗakin baya, aka kafa masa komai a kan tebur. Tun daga ranar ba wanda ya kuskura ya kira abin wasa a gabansa. Aiki ne, kuma da hular aiki yake shiga ɗakin.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kwamfutar ba ta adana tafiya sai jirgi ya tsaya cak a tasha. In aka ɗauke wuta yana tsakanin tasha da tasha, to a wurinta direba ya gudu ya bar mutane ke nan. Sau biyu haka ta faru, kuma a karo na biyu ta fito masa da gargaɗi da jan rubutu: idan aka yi na uku, za a sauke shi daga jirgin fasinja a mayar da shi jan taragun siminti. Mutumin da aka sallama daga aiki da takardar yabo mai hatimi, ga shi wani akwati na shirin rage masa girma a cikin gidansa.

Mijin 'yar, wanda ake kira Injiniya saboda gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya zo da maganin abin ranar wata Asabar, rungume da wani baƙin akwati mai nauyin tsiya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya yi bayani.

"Baba, batirin ko-ta-kwana ne. Tsakanin soket da kwamfuta yake zama. Da zarar an ɗauke wuta shi zai karɓa, allon ko ƙiftawa ba zai yi ba. Zai ba ku 'yan mintoci ku kai tasha."

Tsohon ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi, ya sa masa albarka. Sannan ya sa aka kai shi kabad ɗin falo, ya kulle, ya danƙa wa matarsa makullin.

"Baba, ai a jone ake barinsa."

"Injiniya, kayan ko-ta-kwana a sito suke zama. Haka muka tarar, haka muka bari. Fitilar ajiya a sito take, sarƙar ja a sito take. In matsala ta auku, direba ya rubuta takarda, mai sito ya sa hannu, a fito da kaya."

"To amma kafin ku gama rubuta takardar, ai kwamfutar ta mutu."

"Sai ka gyara ta ta koyi jira. Ba sana'arka ba ce?"

Suruki ba ya ja-in-ja da uban matarsa, don haka Injiniya ya sunkuyar da kai, ya ce zai shiga ya gaida Mama. Tsohon yana jin ƙus-ƙus daga kicin, bai ko ɗaga kai ba. Can sai ga matar ta fito tana goge hannu a zani. Shekara arba'in tana tare da shi, ta san hujja ba ta motsa shi, sai abin da aka taɓa yi.

"Malam, wai shekarar da na haifi auta, ba kai kake ba ni labarin wani tudu da jirgi ba ya iya hawa shi kaɗai ba? Yaya kuke yi da shi?"

"Kan jirgi na biyu ake haɗa masa a baya. Kan taimako. Shekara biyu ina jan sa."

"Tun daga ƙasa ake haɗawa, ko sai jirgin ya gaza a rubuta takarda?"

Tsohon ya shafa gemu. Ya juya maganar ta kowace fuska bai ga ɓaraka ba.

"An samu misali," in ji shi. "A fito da shi." Injiniya ya soma murmushi. "Sai dai kan taimako ba ya tafiya ba direba. Wannan ba a taɓa yi ba, kuma ba a kaina za a fara ba."

Da haka, washegari da ƙarfe goma na safe, Injiniya, mutum mai shago da 'ya'ya uku, ya tsinci kansa a kan kujerar tsuguno kusa da baƙin akwatin, da tsohuwar hular aiki da ta rufe masa kunnuwa. An karɓe wayarsa, domin direba ba ya taɓa waya a bakin aiki. Aikinsa shi ne ya zuba ido ga ƙaramar tagar da ke gaban batirin, kuma a kowace tasha ya ɗaga murya ya ce, "Kan taimako lafiya lau." Tafiyar ta awa huɗu ce, fasinja ɗari uku da goma sha biyu.

An wuce tasha bakwai lafiya. Da ƙarfe ɗaya da kwata, jirgi na tsakiyar wani fili mai faɗi, fankar sama ta yi gunji ta fara rage gudu. Batirin ya saki ƙara mai tsini. Allon bai ƙifta ba.

"Rahoto," in ji tsohon, bai waiwayo ba.

"An ɗauke, Baba. Minti tara yake nunawa."

Tsohon ya dubi agogonsa. Tasha ta gaba tana da nisan minti goma sha uku.

"Ku ƙara gudu mana, Baba! Ku tura sandar nan gaba!"

"Dokar wannan yanki sittin ce."

"Ba wanda zai gani!"

"Ni zan gani."

Injiniya ya dafe hula da hannu biyu. Sannan ya ce to a rage wa batirin kaya. Ya zare wayar sifika, ƙugin jirgi ya ɗauke, taga ta nuna goma. Ya kai hannu ga ƙaramin allo.

"Dakata." Tsohon ya dubi fasinjojinsa: wani na karanta jarida, wata mai jaka ruwan ɗorawa na kallon waje. Ya gyara murya, ya ba su haƙuri a kan ɗan duhun da za a shiga, ya tabbatar musu cewa jirgi na hannu. "Kashe."

Aka kashe. An ci minti biyu a wannan hidima. Saura sha ɗaya a kai tasha, taga na nuna tara.

"Babban allon ne ke shanye shi, Baba," in ji Injiniya da ƙaramar murya. "In aka kashe shi kwamfutar za ta ci gaba da tafiya, amma ba za ku ga komai ba."

Tsohon ya yi tunani. Akwai shekarar da hazo ya rufe layi har bai iya ganin hancin jirginsa ba, kuma ya kai mutane tasha da agogo da ƙwaƙwalwa kaɗai. Misali ya samu. Wannan yankin kuwa ya bi shi ya fi sau arba'in.

"Kashe shi."

Allo ya yi baƙi. Matar, wadda ƙarar batirin ta jawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mijinta zaune ƙyam a gaban baƙin gilashi, hannun dama a kan sanda, agogo a na hagu, leɓɓansa na motsi.

"Gada," ya ce, ya ɗan ja sandar baya. Bayan minti uku ya ce, "Kwana." Jikinsa ya karkata hagu, Injiniya ma ya karkata bai sani ba. Batirin ya sauya kuka, ya koma yi ba ƙaƙƙautawa.

"Saura biyu, Baba."

"Ka riƙe kanka."

Ya fara jan birki a hankali, kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri. Ya ƙirga ashirin, ya ƙara ja. Ya ƙirga goma, ya ja shi har ƙarshe, ya saki numfashi.

"Kunna."

Allon ya haska. Ga dandamalin tasha, ga jirgi tsaye daidai da farin layi, ga rubutu a sama: an isa, an adana tafiya. Injiniya ya yi kabbara ya cilla hula sama. Tsohon ya miƙa yatsa zuwa maɓallin buɗe ƙofofi, kafin ya taɓa shi batirin ya yi ƙara ɗaya ya mutu.

Injiniya ya miƙe tsaye.

"Kun tsira, Baba! Ba siminti! Bari in karɓi wayata."

"Zauna. Ba a buɗe ƙofa ba. Mutum ɗari uku da sha biyu na cikin tarago, kuma direba ba ya sauka ya bar fasinja a kulle. Na taimako kuwa ba ya riga na gaba sauka."

Injiniya ya dubi surukarsa da idon neman ceto.

"Maƙwabciya ta ce turken wuta ne ya faɗi a bakin titi," in ji ta. "Wai sai Laraba."

Tsohon ya rufe agogo, ya mayar aljihu, ya gyara zama.

"To a kawo wa ma'aikata abinci nan. Injiniya, ɗauki hularka."