Ramin da Ya Shanye Usur ɗin Ndaliman

A shekarar da soja suka canja kuɗi, ba wanda ke ji da kansa a tashar jirgin ƙasa ta Minna kamar Ndaliman. Shi ne mai busa usur. Sai ya busa direba ke ja. Shi ya sa yake taku kamar shi ya ƙera jirgin, kaki ya sha guga, usur a wuya har gidan suna.

Sai ciwon haƙori ya sa shi gaba, na sama, can ciki gefen dama. Matarsa Azumi ta ce, "Maigida, ka je asibiti mana." Ya ce shi da jirgi ke jira ba zai bi layi da masu goyo ba. Ya nufi unguwar Tunga wajen Mamudu wanzami. Mamudu ya danne masa goshi, ya sa awartaki, ya murɗa, wani abu ya ce ƙas. Haƙori ya fito da saiwa biyu, ga gurbin ta uku a karye.

"Ɗayar fa?" in ji Ndaliman.

"Kai biyu Allah ya ba ka," in ji Mamudu.

Da ya koma aiki ya cika kumatu ya busa. Usur ya ce fiii kamar ɗan tsako mai mura, iskar duk ta tsere ta hanci. Direba ko motsi bai yi ba. Ndaliman ya waiga, ya ga mataimakinsa Irimiya yana danne dariya, nan take ya gano mai laifi. Ai dama yaron nan ya daɗe yana kallon usur ɗin nan! Ya sayi sabo, haka. Ya wanke shi da rubutu, haka. A gida in ya kurɓi kunu sai ya ɗigo ta hancin dama.

"Shi ma kunun Irimiya ne ya nuna masa hanya?" in ji Azumi.

Dabara ya samo: in ya matse hanci da yatsu biyu, usur na tashi garau. Shi ke nan, kullum ga babban mutum a gaban taragon fasinja, ya toshe hanci, ya zaro ido.

To, wannan taragon, matan da ke fataucin daddawa da busasshen kifi ke cika shi. Babbarsu, Jummai, ta leƙo ta taga.

"Malam mai kaki, mu ne masu warin?"

Ya nuna mata usur da ido.

"Daddawar da uwarka ta yaye ka da ita kake toshe wa hanci? Ku sauko, 'yan'uwa!"

Suka sauko da kwandunansu, suka cika ofishin shugaban tasha. Shugaba ya kira Ndaliman, ya ce ko dai ya je likita ya duba shi, ko ya miƙa wa Irimiya usur har abada.

A asibiti, bayan ya bi layin nan da masu goyo, aka sa ya manna haɓa a jikin wani allo, baki a buɗe, aka ɗauki hoto. Likita ta ɗaga hoton a gaban fitila. Ndaliman ya ga ƙoƙon kansa yana yi masa dariya, ba hula, ba kaki.

"Baba, ka ga nan da nan? Kowa yana da kogo a ƙarƙashin kowane kunci, iska ce a ciki, kuma yana da ƙofa zuwa hanci. Daɓen kogon yana zaune ne a kan saiwoyin haƙoran sama. Na wasu da kauri. Naka kamar ɓawon ƙwai, har saiwa ta shige ciki. Da aka fizge haƙorin, daɓen ya ɓule. Kogon hagu baƙi ƙirin, lafiyarsa lau. Na dama ka ga ya yi fari? Ruwa ne ya taru, har da kununka."

"Likita, wani ne a wurin aiki ya yi mini..."

Ta sa biro a kan wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa. "Ga shi nan kwance. Saiwarka ta uku ce."

"Sannu, Irimiya," in ji Azumi da ta rako shi, tana gaida hoton.

Aka ciro saiwar, aka ɗinke ramin. Aka hana shi busa komai, ko fyace majina, sai nama ya haɗe. Yana zaune a bencin tasha yana jin usur ɗinsa na tashi a bakin Irimiya, jirgi kuma na tafiya abinsa ba tare da ya nemi izininsa ba. Wannan ya fi ɗinkin ciwo.

Ranar da likita ta sallame shi ya karɓi usur, ya goge shi da bakin riga, ya tsaya gaban tarago, hannu ɗaya a aljihu don kowa ya shaida. Ya busa. Ƙara ta tashi har tantabarun rufin tasha suka watse.

Ya juyo ya ga wa ya ji. A kowace taga akwai mai daddawa, Jummai a ta farko, kowace ta matse hanci da yatsu biyu tana kallonsa. Haka suke yi masa har ya yi ritaya.